Me ya sa rediyo mai memori ke ƙin wasu fayiloli? Sharhi kan buɗaɗɗen aisi mai warware sauti

Mutum ne aka turo masa karatun wani malami ta WhatsApp a matsayin saƙon murya. Ya kai wa mai tura waƙoƙi a bakin kasuwa, aka zuba masa a memori, ya dawo gida ya soka a rediyo. Rediyon ta karanta duk tsofaffin fayilolin da ke ciki, amma da ta iso kan sabon sai ta tsallake shi kamar babu. Ya kai wa mai gyara, mai gyara ya buɗe bayanta, ya nuna masa wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu da yawa, wato aisi (IC), ya ce: "Alhaji, lafiyarta lau. Aisin ne bai san wannan ba."

Gaskiya mai gyaran ya faɗa. Saƙon murya na WhatsApp da tsarin Opus ake matse shi, yawancin ƙananan rediyoyin nan kuwa MP3 suka sani, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Tambayar da ke biyo baya ita ce, me zai hana a koya wa aisin? A kan wannan tambaya injiniyoyi suka shafe fiye da shekara 20 suna ƙoƙarin zana aisin da kowa zai iya ganin cikinsa, ya kuma sauya masa aiki bayan an ƙera shi. Maganar ta cakuɗe da batun lasisi, har a 2017 wasu kafafen labarai suka yi ta yayata cewa MP3 ta mutu, alhali haƙƙin mallakarta ne kawai ya ƙare.

Matse sauti da warware shi

Faifan CD yana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane awo yana cin bit 16 (bit shi ne mafi ƙanƙantar ma'aunin bayanai, 0 ko 1), a layi biyu na dama da hagu. Idan aka ninka, ana samun bit 1,411,200 a daƙiƙa, wato kimanin megabait 10 a minti guda. MP3 da aka matse a kilobit 128 a daƙiƙa tana cin kusan megabait 1 a minti. Ke nan an zubar da kashi 10 cikin 11, kunne kuma bai cika lura ba.

Dabarar ta dogara ne ga raunin kunnen ɗan Adam. Wanda ke tsaye kusa da injin niƙa ba ya jin kukan sauro, ko da sauron na bakin kunnensa. Manhajar matsewa tana lissafa sautukan da wasu suka danne, ta ba su ɗan wuri kaɗan ko ta watsar da su gaba ɗaya. Abin da ya saura sai a rubuta shi a taƙaice da dabarar da David Huffman ya fito da ita a 1952: lambar da ke yawan maimaituwa a ba ta gajeriyar alama, wadda ba ta cika zuwa ba a ba ta doguwa.

Warwarewa ita ce komawa baya, a mayar da wannan taƙaitaccen rubutu zuwa awon da lasifika za ta iya furtawa. Matsewa sau ɗaya ake yi, a kwamfuta mai ƙarfi. Warwarewa kuwa duk lokacin da aka kunna sai an yi ta, a na'ura mai ɗan batir. Shi ya sa hankalin masu zane ya fi karkata gare ta.

Abin da ke faruwa cikin milisakan 26

Fayil ɗin MP3 ɗauri-ɗauri yake. A tsarin da aka fi amfani da shi, kowane ɗauri yana ɗauke da awo 1,152, wanda ya yi daidai da sautin milisakan 26. Dole aisi ya gama warware ɗauri kafin na gabansa ya gama fita daga lasifika, kimanin sau 38 a daƙiƙa. Idan ya makara ko sau ɗaya, mai sauraro zai ji tsinkewa.

Aikin iri biyu ne, kuma halinsu ya sha bamban. Na farko shi ne karanta kan ɗaurin da warware alamun Huffman. Tun da alamun ba tsawonsu ɗaya ba, ba a sanin inda ta biyu ta fara sai an gama ta farko. Kamar zare ne da ya cukurkuɗe, daga bakinsa ake bi, hannu goma ba su fi hannu ɗaya sauri ba. Ga kuma sharuɗɗa barkatai: idan kaza ne a duba jadawali kaza, idan bayanan wannan ɗauri sun faro tun cikin na baya a koma a ɗauko. Irin wannan aiki manhaja ta fi dacewa da shi.

Na biyu lissafi ne zalla. Akwai matakin da ake kira IMDCT, mai mayar da bayanan kaifin sauti zuwa igiyar sauti, sannan matattarar da ke haɗe rukunoni 32 su zama sauti guda. Ninkawa ne da tarawa, ninkawa da tarawa, sau miliyoyi a daƙiƙa, ba tare da wani sharaɗi ba. Nan ne mafi yawan lokacin na'ura ke tafiya, nan ne kuma aikin gayya ke da amfani, domin ana iya jera masu ninkawa da yawa su yi aiki lokaci guda.

Tsakanin biyun akwai wani ɗan mataki da ke nuna irin cinikin da mai zane ke yi kullum. Kowace lambar da ta fito daga Huffman sai an ɗaga ta zuwa ƙarfin 4/3, lambobin kuma suna iya haura 8,000. Mai zane na iya ajiye duk amsoshin a jadawali, ya ci kimanin kilobait 32 na ma'ajiya. Yana kuma iya ajiye ɗan ƙaramin jadawali ya kiyasta sauran, ya ci lokaci, ya kuma yi kasadar ɗan kuskure. A kwamfuta kilobait 32 ba komai ba ne. A ƙaramin FPGA, wato aisin da ake iya sauya wa zane, irin iCE40 UP5K na kamfanin Lattice, wanda babbar ma'ajiyarsa kilobait 128 ce, kashi ɗaya cikin huɗu ke nan ya tafi a mataki guda.

Littafi, furosesa da allo

Hanya uku ake bi a ƙera mai warware sauti.

Ta farko ita ce kafaffen aisi, wanda aka ƙone masa aikinsa tun daga masana'anta. Kamar littafin da aka buga ne, abin da ke ciki shi ke nan. Da yawansu a zahiri ƙananan furosesa ne, wato irin aisin da ke bin umarnin manhaja, da aka rufe musu manhajar a ciki, amma ga mai saye duk ɗaya ne, tun da ba shi da mabuɗi. Suna da arha, ba sa shan batir.

Ta biyu ita ce furosesa ta gama-gari da ake loda wa manhaja. Waya haka take yi, shi ya sa take buɗe kusan duk abin da aka turo mata.

Ta uku ita ce FPGA. Wannan aisi ne da ke cike da dubban ƙananan ɗakunan lissafi da wayoyin da ba a riga an haɗa ba. Mai zane yana rubuta yadda yake so a haɗa su da harshen Verilog ko VHDL, a loda, sai aisin ya rikiɗe ya zama wannan da'irar. Allo ne: a rubuta, a wanke, a sake rubutawa. Yawancinsu ma da an ɗauke wuta suke wanke kansu, sai an sake loda musu zanen daga wata ƙaramar ma'ajiya a duk lokacin da aka kunna. Kamfanin Xilinx na Amurka ne ya fara sayar da irinsa a 1985, mai ɗakuna 64 kacal.

Tarihin manhajar Rockbox ya nuna bambancin ta farko da ta biyu ƙarara. Wasu masu shirya manhaja a Suwidin ne suka fara ta a ƙarshen 2001, don maye gurbin manhajar na'urar sauraron kiɗa ta Archos. Sun gyara kusan komai, daga yadda ake zaɓen waƙa zuwa yadda rubutu ke fitowa, amma ba su iya sa na'urar ta karanta Vorbis, wani tsarin matse sauti daban da MP3, ba, domin warware sautin yana hannun wani aisi na kamfanin Micronas. Da suka kai Rockbox kan iPod a 2006, inda furosesa ce ke warwarewa da manhaja, sai ga iPod tana karanta Vorbis da FLAC (tsarin da ke matsewa ba tare da zubar da komai ba), waɗanda Apple bai sa mata ba. Rediyon mutumin da muka fara da shi dangin Archos ce.

Yadda rikicin lasisi ya haifar da wannan aiki

An fitar da ƙa'idar MP3 a 1993, kuma cibiyar bincike ta Fraunhofer da ke Erlangen a Jamus, inda Karlheinz Brandenburg ya yi aiki, ita ce kan gaba wajen ƙirƙirar ta. A watan Satumbar 1998 cibiyar ta aika wa masu rubuta manhajojin MP3 wasiƙa cewa sai sun biya lasisi. Daga baya kuɗin ya tsaya a santi 75 na dalar Amurka kan kowace na'ura mai warwarewa. Ga babban kamfani wannan ba wani abu ba ne. Ga wanda ke raba aikinsa kyauta kuwa, bai ma san adadin waɗanda suka ɗauka ba balle ya biya.

Wannan wasiƙa ce ta zaburar da Christopher Montgomery da gidauniyar Xiph.Org suka dage kan Vorbis, tsarin matse sauti da ba a biyan kowa. Ya kammalu a watan Yulin 2002. Sai dai ya zo da matsala biyu ga ƙananan na'urori. Manhajarsa ta asali tana bukatar irin lissafin da furosesa masu arha na lokacin ba su da sashensa, sai da aka saki wata mai suna Tremor a wannan shekara, mai aiki da cikakkun lambobi kawai. Matsala ta biyu ta fi zurfi. Jadawalan Huffman na MP3 a rubuce suke cikin ƙa'ida, ana iya ƙone su a aisi sau ɗaya. Vorbis kuwa kowane fayil da nasa jadawalan yake zuwa a kansa, tsawon ɗaurinsa kuma yana iya kamawa daga awo 64 zuwa 8,192. Mai zanen aisi ba zai san yawan ma'ajiyar da zai tanada ba sai ya ga fayil. Sassaucin da ya sa Vorbis ya yi daɗin ji shi ne ya sa kamfanonin aisi suka yi ta jan ƙafa.

A 2002 wasu ɗalibai biyu masu digiri na biyu a Jami'ar Stuttgart suka gwada wata mafita a aikin da suka sa wa suna Ogg-on-a-Chip. Sun ɗauki LEON, furosesar da Jiri Gaisler ya zana a hukumar binciken sararin samaniya ta Turai aka kuma saki zanenta ga kowa, suka dasa ta cikin FPGA na Xilinx. Manhajar Vorbis ta hau kanta, amma ita kaɗai ba ta iya cim ma lokaci. Sai suka auna inda lokacin ke tafiya, suka cire lissafin MDCT, ɗan'uwan IMDCT ɗin nan, daga manhaja, suka zana masa da'irarsa a gefe. Furosesa ta riƙe aikin zare, da'ira ta ɗauki aikin gayya.

Wannan rabon aiki shi ne har yau aka fi bi. Abin da ya sauya shi ne furosesar: yanzu an fi dasa RISC-V, ƙa'idar furosesa da kowa ke iya amfani da ita kyauta, wadda aka faro a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2010, ta hanyar buɗaɗɗun zane irin PicoRV32 da VexRiscv. Opus ma, da aka tabbatar da ƙa'idarsa a 2012, ya ƙara tura masu zane wannan hanya. Tsari biyu ne aka haɗe, SILK na Skype don magana da CELT na Xiph don kiɗa, kuma manhajar da aka rubuta da harshen C ita ce ainihin ƙa'idar. Mayar da shi da'ira zalla wahala ce da ba ta biyan kanta.

"Buɗaɗɗe" hawa huɗu ne

Yawancin ruɗanin daga kalmar nan yake, domin ana amfani da ita ga abubuwa huɗu daban.

Hawa na farko tsarin sautin kansa. Vorbis, FLAC da Opus an yi su ne don kowa ya yi amfani da su ba biya. MP3 ta shigo sahunsu ranar 23 ga Afrilu 2017, lokacin da aka rufe shirin karɓar lasisinta saboda wa'adin haƙƙin mallakar ya ƙare. AAC da danginsa har yanzu akwai masu karɓar lasisi a kansu.

Hawa na biyu zanen da'irar. Dandalin OpenCores yana tara irin waɗannan zane tun 1999. Cibiyar binciken kimiyya ta Turai, CERN, ta fitar da lasisi na musamman don kayan lantarki a 2011, ta sabunta shi a 2020 zuwa iri uku: mai tilasta wa duk wanda ya gina a kai ya buɗe nasa, mai tilasta buɗe ɓangaren da aka gyara kawai, da mai barin kowa ya yi yadda ya so. Abin lura, buɗe zane ba ya goge haƙƙin mallakar tsarin sauti. Kafin 2017, wanda ya zana mai warware MP3 da hannunsa ya raba kyauta, duk wanda ya ƙera ya sayar a ƙasar da haƙƙin ke aiki sai ya biya.

Hawa na uku shi ne wanda aka fi mantawa: kayan aikin da ke mayar da zane zuwa fayil ɗin da FPGA ke ganewa. Shekaru da dama kamfanoni suna ɓoye tsarin wannan fayil, dole mai zane ya bi ta manhajarsu, Vivado ta Xilinx ko Quartus ta Altera. Zane a buɗe, ƙofar shiga aisi a kulle. A 2015 Claire Wolf da Mathias Lasser suka tono tsarin iCE40 a aikin IceStorm, aka haɗa da Yosys, buɗaɗɗiyar manhaja mai fassara zanen Verilog, karo na farko ke nan da aka bi hanyar daga farko har ƙarshe ba tare da rufaffiyar manhaja ba. Daga baya aka yi wa wani FPGA mai suna ECP5, wanda ya fi girma sosai, irin wannan aiki. Manyan FPGA na Xilinx, da AMD ta saya a 2022, da na Altera, da Intel ta saya a 2015, galibi har yanzu sai da manhajar kamfani.

Hawa na huɗu masana'anta. A 2020 Google da SkyWater suka buɗe bayanan ƙera aisi a ma'aunin nanomita 130, shirin Tiny Tapeout kuma ya ba ɗalibai damar sayen ɗan fili a aisin haɗaka. Fili ɗaya ya yi wa cikakken mai warware MP3 kaɗan nesa ba kusa ba. Wannan hawa ne mafi rauni: Efabless, kamfanin da ke shiga tsakanin masu zane da masana'antar, ya rufe a 2025, sai da aka nemi wasu hanyoyi.

Masu goyon baya da masu suka

Masu suka da lissafi suke zuwa. A binciken da Ian Kuon da Jonathan Rose na Jami'ar Toronto suka wallafa a 2007, da'irar da aka gina da ɗakunan lissafin FPGA ta ci fili kimanin ninki 35 na kafaffen aisi mai aiki iri ɗaya, ta kuma sha wuta wajen ninki 14 lokacin aiki. Sassan ninkawa da ma'ajiya da ake ƙerawa a cikin FPGA sun rage tazarar, amma ba su share ta ba. Hujjarsu ta biyu ta fi ƙarfi: furosesa ta yi arha. Allon Raspberry Pi Pico da ya fito a 2021 kan dala 4, da aisin ESP32 mai gudun megahaz 240, duk suna warware MP3 da buɗaɗɗun manhajoji irin Helix da minimp3. Matsalar da ɗaliban Stuttgart suka sha fama da ita a 2002, in ji su, lokaci ya warware ta.

Masu goyon baya ba su musanta alƙaluman ba. Abin da suke cewa shi ne arha ba ita kaɗai ake nema ba. Kamfani na iya daina ƙera aisi, ya bar na'urori babu kayan gyara, amma zanen Verilog ana iya kwashe shi zuwa wani FPGA. Inda ake warware layukan sauti masu yawa lokaci guda, kamar ɗakin watsa shirye-shirye, da'ira tana ba da tabbacin lokaci da manhaja ke wahalar bayarwa. Sannan duk kafaffen aisi sai an gwada zanensa kafin a kashe kuɗin masana'anta, kuma a FPGA ake yawan gwadawa.

Idan aka auna, a kan ƙaramar na'urar sauraro masu suka sun fi hujja. A kan koyo, gwaji da tsawon rai kuwa masu goyon baya ne. Ɓangarorin ma sun fara haɗewa: aisin RP2350 da Raspberry Pi ya fitar a 2024 kafaffe ne mai arha, amma a cikinsa akwai furosesar RISC-V mai suna Hazard3 wadda zanenta ke buɗe ga kowa.

Abin da zai taɓa mai saye, mai gyara da ɗalibi

Mai saye kada ya sa ran ganin FPGA a rediyo mai memori. Farashi da batir ba za su bari ba. Ƙarewar lasisin MP3 ma ta ƙara wa tsarin kwana ne, tun da yanzu kowa na iya sa shi a kayansa ba biya. Abin da ya fi yiwuwa shi ne ƙananan na'urori su riƙa zuwa da furosesar da za a iya sabunta wa manhaja, idan kamfanin ya ga dama ya bar ƙofar a buɗe.

Mai gyara shi ya fi jin zafin rufaffen zane. Sau da yawa yana buɗe na'ura ya tarar an goge lambar aisin, ko an ɗiga masa baƙin abu kamar kwalta an rufe shi a kan allon. Babu takardar bayani, babu na canji, sai dai a sauya allon gaba ɗaya ko a jefar. Buɗaɗɗen zane ba zai sa ya iya ƙera aisi a shagonsa ba, amma zai nuna masa ƙafar da ke ɗauke da wane saƙo, ya auna da mita maimakon lalube.

Ga ɗalibin injiniya, Yosys da abokiyar aikinta nextpnr, mai jera zane cikin FPGA, kyauta ne, suna kuma aiki a kwamfutar tafi-da-gidanka ta talaka. Ana iya rubuta zane a gwada shi da manhajar kwaikwayo tun kafin a mallaki allo. Allon kansa dala gommai ne, abin da kan yi nauyi shi ne canji da kuɗin aikowa. Mai warware sauti darasi ne mai kyau saboda kuskure ba ya ɓuya: idan aka rage bit ɗaya fiye da kima a lissafin matattara, kunne zai ji shi a matsayin shuu a bayan murya. FLAC ya fi sauƙin farawa, domin lissafinsa na cikakkun lambobi ne, kuma abin da ya fito dole ya yi daidai da na asali bit da bit, don haka gwajin ba ya bukatar gardama. An tabbatar da ƙa'idarsa a hukumance a watan Disambar 2024, abin da ke da amfani ga masu adana tsofaffin kaset-kaset na karatu da waƙa.

Shi kuwa mai saƙon murya, sauya wa fayil suna daga .opus zuwa .mp3 ba zai yi ba, domin aisi cikin ɗaurin yake dubawa. Sai mai turin ya juya shi da manhaja irin VLC ko FFmpeg. Juyawar warwarewa ce a sake matsewa, kuma kowace matsewa tana zubar da wani abu, don haka daga fayil ɗin asali ake juyawa, sau ɗaya, a kuma bar na asalin a waya.